Kayan aikin da mai sabon gida ya kamata ya fara mallaka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ka tare a sabon gidanka a wajen Ƙofar Ƙaura, kana so ka riƙa yin ƙananan gyare-gyare da kwalliyar ɗakuna da hannunka, kuma kana neman shawara ko injin huda bango ya kamata ka fara saya. Allah ya sanya alheri, ya sa kun shiga a sa'a. Ni malamin makaranta ne, ba magini ba, amma shekara 14 ke nan ina kula da gidana a nan cikin Katsina, kuma abin da na gani shi ne injin nan ba shi ne farko ba.

Ka fara da tef na awo mai tsawon mita 5, da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya wanda magina ke ɗorawa a kan bulo don su ga ko ya miƙe. Idon mutum yana ruɗinsa ƙwarai, musamman a ɗakin da daɓensa ya ɗan karkata, kuma sandar labule ko kantar da aka kafa a karkace kullum sai ta tsone maka ido. Bayan su sai guduma mai baki biyu wadda ke cire ƙusa, da filaya, da sukudireba iri biyu, mai faɗin baki da mai tauraro, da sifana mai daidaituwa saboda famfo. Waɗannan kada ka bi araha a kansu, domin sukudireba mai taushin ƙarfe bakinsa yake lanƙwashewa, ya kuma cinye kan abin da kake kwancewa.

Sai ka san irin bangonka. Idan bulo ne na siminti, mai inci 6 ko inci 9, ƙusar katako lanƙwashewa za ta yi, ƙusar kankare ake nema. Idan kuwa akwai ɓangaren ginin ƙasa, kamar yadda yake a gidajenmu na cikin gari, ƙusa doguwa mai inci 4 ta fi kamawa, kuma ba a rataya masa abu mai nauyi. A nan ne zan roƙe ka ka sayi testa, wato ɗan sukudireban nan da ke haske idan ya taɓa waya mai wuta, tun ranar farko. Wutar gidajenmu tana kai bolt 230, kuma yawanci wayar tana tashi ne a miƙe daga soket ko makunni zuwa silin, a cikin bututun da aka binne a bango. Na taɓa buga ƙusa daidai saman makunni zan rataya agogo, na fasa bututun, Allah ne ya kiyaye domin babu wuta a lokacin. Tun daga ranar ba na huda bango a kan wannan layin, kuma duk aikin da ya wuce sauya ƙwai ko soket, mai gyaran wuta nake kira.

Inda na fi so ka natsu shi ne fenti, domin a nan kuɗi suka fi salwanta. Mutane suna sayen bokiti mai lita 20 da rola, su manta da samfefa da ƙarfen kankare bango, alhali su ne ke sa fenti ya zauna. Ƙurar hunturu tana kwanciya a bango ko da ido bai gan ta ba, kuma idan ka shafa fenti a kanta, kafin damina ta wuce za ka ga yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ka kankare tsohon, ka goge da samfefa, ka share da tsumma mai ɗan danshi, ka bari ya bushe sarai. Fentin ruwa na bango ne, ana wanke rolarsa da ruwa nan take. Fentin mai na ƙofa da taga ne, burushinsa kuma kananzir yake so. Ka haɗa da ƙaramin burushi mai inci 2 saboda kusurwoyi.

Tsagewar bango kuwa cokalin magini da kwanon sarki sun ishe ka. Ka ɗan buɗe tsagar da kurfi, ka jiƙa ta, ka cika da kwaɓin siminti awo 1 da yashi mai laushi awo 4, sannan ka riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma na 'yan kwanaki, domin iskarmu busasshiya ce, tana shanye ruwan siminti kafin ya yi ƙarfi. Idan tsagar tana ƙara faɗi duk shekara, wannan maganar tushen gini ce, sai magini ya duba.

Tsani na ƙarfe mai buɗewa ya fi hawa kujera a kan tebur aminci. Shi kuwa injin huda bango, ka ara a wurin maƙwabci ko kafinta a karon farko. Idan ka ga a wata 6 ka je aro sau 3 ko fiye, to ka sayi mai aiki da batir, wanda yake da saitin bugun kankare, domin za ka iya cajinsa da sola ka yi aikinka ko an ɗauke wuta.