Bulo ko ƙasa? Amsoshin tambayoyin masu shirin gini a Katsina da Daura

Tambaya: Na samu fuloti ƙafa 50 da 100 a bayan gari, wajen Ƙofar Ƙaura. Ɗakin da nake haya na bulo ne, in bazara ta yi ba ya kwantuwa sai tsakar dare. Mahaifina ya ce in yi ginin ƙasa, abokai kuma suna yi mini dariya. Me zan saya?

Amsa: Malam, maganar Baba tana kan hanya. Bulon siminti mai inci 6 ko 9 rami ne a cikinsa, naman jikinsa siriri, don haka ranar da ta doke shi da la'asar cikin awa kaɗan take ratsawa, ta iske ka a gado bayan isha'i. Katangar ƙasa mai kaurin santimita 40 kuwa sai zafi ya yi awa 10 zuwa 12 kafin ya kai ciki, kuma ya iso ƙarfinsa a karye. Shi ya sa zauren tsohon gida yake da sanyi da azahar a watan Afrilu, lokacin da waje ya haura digiri 40. Sai dai zafin da katanga ta sha da rana dole ta fitar da shi da dare. Idan babu tagogi biyu masu kallon juna da za a buɗe bayan magariba a rufe da hantsi, ɗakin ƙasar ma zai dafa mai shi.

Shawararmu ita ce matsattsen bulon jar ƙasa, wanda ake bugawa da inji ana sa masa siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. A aikace buhu ɗaya ke nan ga baro 8 zuwa 10 na tankaɗaɗɗiyar ƙasa. Amma ba kowace ƙasa ke yi ba, kuma yawancin filayenmu na arewacin jiha jigawa ce. Kafin ka biya kuɗin tifa, a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi, ka ɗebi ta ƙasa ka zuba sulusin kwalba, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Yashi da tsakuwa za su kwanta a gindi, ana son su kai kashi biyu cikin uku. Yumɓun da ya taru a sama kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar. In yumɓu ya yi yawa bulo zai tsattsage, sai a ƙara yashi. In babu shi gaba ɗaya ba zai kama jikinsa ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan bugu. Masu aiki sukan shanya shi a rana kamar tubali, iskar hunturu ta shanye ruwan kafin siminti ya kama, bulo ya fito yana marmashewa a kusurwa. A jera shi a lulluɓe da leda, ana yayyafa masa ruwa mako biyu, kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. In saye za ka yi, ɗauki guda biyu daga tsakiyar tari, ba waɗanda mai sayarwa ya miƙo maka ba, ka jiƙa su a bokiti kwana ɗaya. Wanda ya yi laushi har ƙusa ta shige shi, bar masa kayansa.

Kada kuma ka jera shi layi ɗaya mai santimita 14 ka ce ka yi ginin ƙasa. Bangon gabas da na yamma a ninka su su kai 29 zuwa 30. Fandisho a yi shi da dutse ko bulo mai inci 9 da aka cika da kankare, ya tashi santimita 45 zuwa 60 sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin layin farko, sannan linta ta zagaye ginin duka. Wajen lissafi ka kwatanta kuɗin bango gamamme, domin wannan bulon ba ya bukatar filasta da fenti. Abin da ke iya rusa ribar shi ne nisan inda za a ɗauko ƙasar.

Tambaya: Mun gaji gidan soro a cikin garin Daura. Mun yi masa filastar siminti, damina biyu kacal ta kumbura tana zubowa, gindin katanga kuma yana cinyewa. Yayyena sun ce a rushe.

Amsa: Hajiya, a dakata da maganar rushewa. Filastar ce ta jawo. Ƙasa tana kumbura in ta sha laima, ta koma in ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta, sai su rabu. Ruwa ya shiga ta tsagar da ke saman katanga, ko ya tsotso daga ƙasa, ya rasa ta inda zai fita, ya zauna yana jiƙa ginin a ɓoye. Ki sa a ƙwanƙwasa bangon, duk inda ya yi ƙarar fanko ya riga ya saki.

Gyaran na rani ne, kuma daga sama ake farawa. A duba rufin da bakin kowane indararo, ya fito aƙalla santimita 60 daga bango, a sa duwatsu inda ruwan ke sauka don kada ya riƙa fantsama. A ɓamɓare filastar da ta saki, a ƙwaƙule ruɓaɓɓiyar ƙasa, a cike da sabon kwaɓi mai ciyawa wanda ya kwana uku ana cuɗa shi. Gindin katanga a bi shi mita ɗaya-ɗaya, wannan ya bushe kafin a taɓa na gaba. Maginin da ya rarake gindin duka a rana ɗaya zai kayar miki da bango. Bayan nan a yi dakali mai gangara waje, a yi yaɓe da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana sabunta shi duk bayan 'yan shekaru, musamman bangon gabas da ruwa mai iska ke duka. Hasumiyar Gobarau ta birnin Katsina mai tsawon kusan mita 15 da irin wannan kulawa ta kwashe ɗaruruwan shekaru a tsaye.

A duba azara ma, musamman kawunanta da ke cikin bango. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta son tazarar da ta wuce kamar mita 1.8 babu tallafi, shi ya sa magabata suke yin ɗaurin guga, wato rufin da ake ɗorawa a kan baka, a manyan ɗakuna. In an ga katanga ta karkata waje, ko tsaga ta tashi daga sama har ƙasa hannu yana shiga, to wannan ɓangaren yayyenki sun yi gaskiya.

Tambaya: Kafinta ya ce in yi dogon rufi mai tsini da baƙin kwano, wai shi ake yayi.

Amsa: Yayi ne, kuma kai za ka biya katakon da ya ninka. Ruwan Katsina bai fi milimita 600 ko kusa da haka a shekara ba, gangara matsakaiciya ta ishe shi. Kuɗin da ka rage ka sayi farin kwano ko mai haske, domin baƙi zafi yake tarawa. A shimfiɗa takardar alminiyam mai mayar da zafi a ƙarƙashinsa, a bar ƙofofin iska masu raga tsakanin kwano da silin, bakin rufi kuma ya fito santimita 60 zuwa 90 ta kowane gefe, har da arewa, tunda daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsaka. Ka tsaya da kanka ka ga an ɗaure katakon da rodin da aka binne cikin linta. Rufin da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi ne iskar farkon damina ke yayewa. In ka sa mazurari da tanki, rufi mai murabba'in mita 100 zai iya tara maka kusan lita 48,000 a damina guda, bayan an cire wanda ya zube.

Tambaya: Mai zane ya cika mini fuloti da ɗakuna, ya bar siririn lungu. Maigidana yana son a shafe sauran da siminti.

Amsa: Malama, ki nemi a sake zanen kafin a kai shi hukumar tsara birane. A bar aƙalla sulusin fili tsakar gida, nan ne wurin girki da shanya da kwanan bazara. Ɗaki mai mita 3.6 da 4 wanda silinsa ya kai mita 3 ya fi ƙaton falon da fanka ba ta iya masa. Tsawon gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a tura banɗaki da sito bangon yamma su tare ranar la'asar. In titi bai ba da damar haka ba, a yi baranda ko rumfa a yamman.

Daɓen siminti a yi shi iya hanyar tafiya da wurin wanki, sauran a zuba yashi ko tsakuwa ruwa ya samu wurin nutsewa. Darbejiya tana jure farinmu kuma tana da inuwa a bazara, amma a nisanta ta mita 5 zuwa 6 daga bango da ramin masai saboda saiwa. A ƙaramin gida guda ɗaya ta isa, a kudu maso yamma. Ruwan wanka da na alwala a ja shi da bututu zuwa gindin zogale da lemun tsami, amma ban da ruwan wanki mai bilic.