Amsa kan jan kitson matan Himba

'Yar'uwa, kin tambaya ko jan da ke gashin matan Himba rini ne irin na kanti. Ba rini ba ne. Waɗannan makiyaya na yankin Kunene a arewa maso yammacin Namibiya, da kuma kudancin Angola, suna niƙa jan dutse ya zama gari, su kwaɓa shi da man shanu, wani lokaci su ƙara ƙaron wani itace mai ƙamshi, sannan su shafa a kitso da fata. Sunan haɗin otjize. Ƙasarsu busasshiya ce, ruwa kuma yana da wuyar samu, don haka shafin yana kare fata daga zafin rana, ko da yake su kansu ado suka fi ɗaukarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kitson ke bayyana matsayin mace. Yarinya ƙarama tana da kitso biyu da ke zubowa ta goshi, idan ta balaga sai a yi mata kitso masu yawa da aka lulluɓe da otjize. Wadda ta yi kimanin shekara guda da aure, ko ta haihu, tana ɗora wani kambi na fatar tunkiya da ake kira erembe.