Wufa tana girgiza taga amma a kujerata ba na jin bes, ina zan ajiye ta?

Tambaya: Assalamu alaikum oga. Daga Jekadafari nake a Gombe, ina haɗa bidiyon biki a kwamfuta cikin ɗakina, ƙafa sha biyu sha biyu ne. Na sayi ƙananan sifika guda biyu da wufa ɗaya (akwatin da ke fitar da bes, wato sautin nan mai kauri), sifikun suna kan tebur, wufar kuma na tura ta kusurwa saboda rashin wuri. In na zauna a kujera bes ɗin kamar babu, amma in na je bakin ƙofa ko na kwanta a katifa sai ƙarar dum dum ta cika min kai har gilashin taga na kaɗawa. Jabu aka sayar min ko ni ne ban iya ajiyewa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka je ka ɗaga wa mai shago hankali, wufar da ke kaɗa taga ai lafiyarta ƙalau. Ɗakin ne ke maka wasa da hankali.

Sauti yana gudun kamar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, shi kuma bes zangonsa dogo ne, mai bugawa sau 80 a daƙiƙa tsawonsa ya haura mita 4, mai sau 50 kuma ya kusa mita 7, kaga ya ma fi ɗakin naka tsawo. To in ya fito daga wufa sai ya daki bango ya dawo ya ci karo da wanda ke fitowa, a wani wurin su haɗu su yi ƙarfi, a wani wurin su kashe juna. Ka zuba ruwa a baho ka ɗan jijjiga shi ka gani, ta gefe ruwan ke hawa da sauka, tsakiya kuwa kusan a tsaye yake. Haka bes yake yi a ɗaki, ya taru a jikin bango ya gudu daga tsakiya.

Ƙafa 12 kusan mita 3.7 ne, sautin da irin wannan ɗakin ke riƙewa yana wajen bugu 47 a daƙiƙa, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne sai abin ya ninku. Ga bangon bulo da filasta ga tayil a ƙasa, duk abin da ya dake su dawowa yake. Labule da kafet suna rage amsa-kuwwar siririn sauti amma bes ko a jikinsa. Ina kyautata zaton kujerarka a tsakiyar ɗakin take ko dab da nan, shi ya sa. Kafin ka taɓa wufar ma ka matso da kujerar gaba, ka zauna wajen kashi ɗaya cikin uku na ɗakin daga bangon da kake kallo.

Ita kusurwa ƙara take bayarwa, shi ya sa masu gidan kallo suke son ta, amma ga mai haɗa sauti cuta ce wallahi. Za ta kumbura wani sautin ta danne sauran, ka ji komai dum dum iri ɗaya, kai kuma ka yi ta gyara abin da ba shi da laifi, sai an kunna bidiyon a gidan amarya a ji ganga ta zama kamar gwangwani.

Za ka ji ana cewa wufa ko ina ka ajiye ta daidai ne tunda kunne ba ya gane inda bes ke fitowa. Wannan gaskiya ne in sautin yana ƙasa da wajen bugu 80 a daƙiƙa. Amma irin naka saitin na kwamfuta, ƙananan sifikun ba sa iya sauka ƙasa, wufar ce ke ɗaukar har wajen 150 ko sama, har da wani ɓangare na muryar namiji, nan kuwa kunne yana ganewa tsaf. Don haka a gabanka za ta zauna, a ƙasa, tsakanin sifikun biyu ko kusa da ɗaya, kar dai ta faɗa daidai tsakiyar bangon, ɗan gusa ta gefe. Ban da kan tebur, ban da cikin durowa.

Ainihin wurin kuma da rarrafe ake nemo shi. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, in kebul bai kai ba ka samo ƙari, ka sa waƙar da ka sani sosai mai bes yana hawa yana sauka ta yi ta maimaituwa, sai ka durƙusa ka bi jikin bangon gaba da gefen tebur kanka a ƙasa kana saurare. Ba inda ya fi ƙara kake nema ba, inda kowane bugu ke fita daban daban ba wanda ya danne wani. Ka sa alama da alli wuri biyu ko uku, sannan ku yi musanya, wufa ta koma kan alamar kai ka koma kujera. Ka dai rufe ƙofa, kar yaran gida su shigo su je su ce wa Hajiya yaya ya samu matsala.

In ka samu wurin, duba ramin da iska ke fita. In ta baya yake ka bar mata ko da tsawon taƙi ɗaya daga bango, dama injin ƙara sautin a cikinta yake, a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu yana son iska. Ka sa mata roba a ƙasa, ko tsofaffin silifas ka yanka huɗu, girgizar da ke bin tayil za ta ragu. In tana da makunni mai 0 da 180, wanda ke daidaita bugunta da na sifikun, ka zauna a kujera wani ya riƙa juya maka, wanda bes ya fi cika a kai shi za ka bari. Bolum ɗinta kuma ka rage har ka daina jin ta a matsayin akwati daban, sai in an kashe ta ka ji abu ya ɓace.

Gilashin taga ka cusa masa 'yar takarda ko roba inda yake lilo. In kuma kana jin wani gunji mara yankewa ko ba ka kunna komai ba, yawanci na wuta ne, mai bugu 50 irin na layinmu, gwada jona wufar da kwamfutar a soket ɗaya, kuma ka raba wayar sauti da wayar caja.