Amsar tambayarka kan riƙon kakanka

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Talata. Allah ya raya mana yaron, ya shirya shi. Ban amsa da wuri ba ne don tambayar taka ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce.

Ka ce Hajiya mahaifiyarka ta fara zancen in an yaye shi za ta ɗauke shi, maiɗakinka kuwa ta yi shiru, irin shirun da ka san ba yarda ba ne. Ka kuma ce ka ji ana faɗin kakanka, Malam Hedimasta, ba a gaban iyayensa ya tashi ba, mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah, kuma shi aka miƙa wa boko a lokacin da kowa ke ɓoye ɗansa. Shi ne kake tambaya ko al'ada ce, ko kuwa dai ba a son shi ne.

Ana son shi, ɗana. Baba, wato kakan naka, ɗan fari ne, kuma a wancan zamani ɗan fari ɗan kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai har wata ta zo ta ɗaga shi. Uba ma haka. Nuna son ɗan fari a fili rashin ta-ido ne a gaban surukai. To yaron da iyayensa ke jin nauyin rarrashinsa, wa zai rarrashe shi? Nan ne riƙo ya shigo. Da ya kai yaye, wajen shekara biyu, aka karɓo rubutu wurin malam aka ba shi ya sha, aka kai shi gidan gwaggonsa, yayar mahaifinsa, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Tana aure a garin hakimi, mijinta malamin allo ne. Ita ce ta goya shi, ita ke kiran sunansa da ƙarfi daga ƙofar gida in magariba ta yi, kuma ita yake kira Inna har ya tsufa.

A zauren mijinta ya fara karatu. Daga babbaƙu zuwa farfaru, sannan aka fara rubuta masa surori a allo, ya biya, ya wanke, a sake rubuta masa. Ya kan ba mu labarin yadda suke haɗa tawada da gawayi da ƙaro, da yadda kowane yaro ke kawo kara ko itace don wutar karatun dare. Ranar Laraba a kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a huta. Da sanyi ya shigo a shekararsa ta bakwai wanzami ya yi musu kaciya shi da tsararsa, suka yi jinya a ɗaki guda. Bai kai ga sauka ba boko ya same shi.

Sai ka san yadda boko yake a lokacin kafin ka yi wa kowa hukunci. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ita ce mafarin ta gwamnati a Arewa, kuma shekaru da yawa bayan nan mutane ba su saki jiki da abin ba. Karatun Nasara ne, da haruffan Nasara, ana rubuta shi daga hagu. Yara na bin 'yan boko da zambo, wai ba karatu ba salla. Elementare a garin hakimi ake gina ta, En'e, wato hukumar sarki, ke riƙe da ita, kuma in an buɗe sai a ce hakimi ya cika aji. Shi kuma ya aika wa dagatai da masu unguwa, kowa ya kawo yaro. Akwai waɗanda suka zura 'ya'yansu cikin rumbu, akwai waɗanda suka tura su ƙauye da dare. Masu sarauta da dama ɗan baransu suke bayarwa a madadin nasu.

Ga wurin da ba zan ɓoye maka ba. Da dogari ya yi sallama a zauren malam, akwai 'ya'yan malam biyu na cikinsa, na ɗaya matar, sa'o'in Baba. Ba su ya nuna ba. Ɗan riƙo ya nuna. Gwaggo ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo kwana biyu, amma ba ta da ta cewa, mahaifinsa kuwa kunya ba ta bar shi ya zo ya yi jayayya a kan ɗan fari ba. Baba bai taɓa zagin malamin nan ba, yana yi masa addu'a har ƙarshen ransa domin shi ya sa masa Fatiha a baki. Amma ni ɗansa ina ganin ba a yi adalci ba a ranar, ko da yake Allah ya juya abin ya zama alheri. Riƙo yana da wannan raunin: ranar da aka ce a zaɓa, ɗan riƙo ne a bakin ƙofa.

Shekara huɗu ya yi a elementare, duk da Hausa: karatu, rubutu, lissafi, a fara a ƙasa da yatsa kafin a ba ka allon makaranta. Da asuba da dare kuma yana nan zauren malam da allonsa na Alƙur'ani, don gwaggo ta rantse ba za a raba shi da shi ba. Daga nan aka zaɓe shi zuwa Midil a babban birnin lardi, makarantar kwana, inda Turanci ya kankama.

Ranar tafiyarsa Midil ce nake so ka riƙe. An biyo da shi ta garinsu ya yi sallama. Mahaifiyarsa tana daka, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ba tare da ta dube shi ba, taɓarya ba ta tsaya ba. Ya fito ransa a ɓace. Sai da suka yi nisa kishiyarta ta biyo su da gudu da ƙullin tsumma, ta ce wai a ba yaron nan. Ya kwance: ƙuliƙuli ne, da dakuwa, da 'yan kwabbai da ta tara na kaɗin zare, da hula sabuwa. Ya waiga, sai ya hango mahaifiyar tasa ta tsagar zana tana leƙensa. Da ta ga ya gan ta, ta janye. Baba ya ba ni labarin nan yana da furfura, kuma sai da ya tsaya ya share ido.

Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 don horar da malamai, ita ce burin kowane ɗan Midil. Can Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato. Can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya dawo Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimastanta, kuma shi ma ba ɗan sarki ba ne. A 1938 aka mayar da kwalejin zuwa Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau. Baba bai samu shiga ba, gurbin kaɗan ne. Makarantar horon malaman elementare ya tafi, ya fito ya yi ta koyarwa daga wannan gari zuwa wancan a kan keke, har aka ba shi hedimasta. Da ya zama shi ke neman yara, bai yarda a aika dogari shi kaɗai ba. Da ƙafarsa yake zuwa zaure, ya zauna a tabarma, ya ja wa uban yaro aya, don a ga ɗan boko bai bar salla ba. In aka nuna masa yaro kuma sai ya tambaya: wannan naka ne ko na riƙo?

Game da naka yaron, ga abin da nake gani. Kunyar suna ba ta cutar da kowa, in kun ga dama ku sa masa laƙabi. Amma ɗauke shi dungurungum, dalilin da ya sa aka yi wa Baba haka babu shi a gidanka, domin kai da maiɗakinka ba ku jin nauyin ɗaukarsa a gaban kowa. Hajiya kewa ce ke damunta tun rasuwar mahaifinka, gida ya yi mata faɗi. Kada ka ce mata a'a kai tsaye, kuma kada ka bar maiɗakinka ta zama ita ce mai ƙi. In lokacin yaye ya yi, a kai shi wurinta ya yi sati biyu ko wata, yadda aka saba, sannan a riƙa kai mata shi duk hutu. Sauran zancen ka bar mini, ni zan same ta da kaina bayan Juma'a.

In kun zo da Salla ka tuna mini in buɗe maka akwatin Baba. Allonsa na nan a ciki, gefe guda ya tsage, da hular nan. Ka gaida maijego.