Amsa: sanya takardar shaidar tsaro ta waje a kan Proxmox Backup Server

Ɗan'uwa, ka ce ka karɓo takardar shaidar tsaro (SSL/TLS certificate) daga kamfanin da ke bayarwa, kana son sanya ta a sabar ajiyar bayananku ta Proxmox domin burauza ta daina yi maka gargaɗi. Abin ba wuya.

Fayil biyu ne a cikin /etc/proxmox-backup/: proxy.pem da proxy.key. Kafin komai ka kwafi tsofaffin ka ajiye gefe. A proxy.pem ka zuba takardarka tare da takardun tsakiya (intermediate) da kamfanin ya haɗo maka, taka a sama. Makullin takardar kuma, wanda zai shiga proxy.key, kada ya kasance da kalmar sirri, in ba haka ba shafin gudanar da sabar da ke tashar 8007 ba zai tashi ba. Mallakar fayilolin ta zama root:backup, izini 640, sannan ka buga systemctl reload proxmox-backup-proxy.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne bayan nan. Kowace sabar Proxmox VE (mai gudanar da VM) da ke turo ajiya ta haddace zanen yatsar (fingerprint) tsohuwar takarda, wato lambar da ake gane ta da ita. Da ka canza, ajiyar dare za ta tsaya, kuma sau da yawa ba a lura sai ranar da ake neman dawo da bayanai. Don Allah ka shiga saitin ma'ajiyar a kowace saba ka goge zanen yatsar, tunda yanzu takardar amintacciya ce. Amma a saitin ka yi amfani da sunan sabar da ke rubuce a takardar, ba lambar IP ba.

Ni dai da sabar tana da suna a intanet, Let's Encrypt, mai bayar da irin wannan takarda, zan bi ta ACME, tsarin karɓo takarda kai tsaye da ke cikin Proxmox Backup Server. Takardarsu kwana 90 take yi, amma tana sabunta kanta.