Gidan da aka taɓa dafa ƙwaya a ciki: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, muna zaune a jihar Minnesota ta Amurka. Mun samu gida da araha, sai maƙwabciya ta tsegunta mana cewa an taɓa kama masu dafa ƙwayar methamphetamine a ciki. Ga ni da goyo. Mu janye?

Malama, kada ku biya ko sisi sai an gwada gidan. Masu wannan sana'a suna haɗa sinadarai masu guba irin su amoniya da aidin, tururin kuma yana kama bango da silin da kafet da bututun iska, ya yi shekaru bai fita ba. Goyonki ya fi ku shiga haɗari, don shi ne mai rarrafe, hannu ƙasa hannu baki. Waɗanda suka zauna a irin waɗannan gidaje sun yi fama da ciwon kai, tari, ƙaiƙayin ido da na fata, yara kuma da rashin barci da yawan rigima.

Dokar Minnesota ta wajabta wa mai sayarwa ya sanar da ku a rubuce idan ya san an dafa ƙwayar a gidan. Ki lura da "idan ya san" ɗin nan, nan gizo ke saƙar. Gida kan wuce hannu biyu ko uku, na ƙarshe ya rantse bai san komai ba, kuma da gaskiyarsa. Hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Amurka tana da rajistar irin waɗannan gidaje a intanet, amma sai wanda jami'an tsaro suka kai rahotonsa ke shiga.

Kuma babu ma'auni ɗaya a faɗin ƙasar na yawan ragowar ƙwayar da aka yarda ya saura a gida. Ƙa'idojin da hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar a 2009 shawara ce kawai, kowace jiha da nata. Kalifoniya ta yarda da ragowar maikirogiram 1.5 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a filin da bai wuce tafin hannu ba, Kolorado kuwa 0.5. Ku ɗauko ƙwararre ya goge bangon da ƙyallen gwaji, ku ga sakamakon da idonku.

Ba zan iya wankewa da bilic in yi sabon fenti ba?

A'a, Malam. Bilic na iya haɗuwa da ragowar sinadaran ya haifar da wata gubar. Kafet da labule da katifa zubarwa ake yi, bango a wanke da ruwa da sabulu a maimaita, a sake gwaji. Wasu jihohin ma sai kamfani mai lasisi suka yarda ya taɓa aikin.

Ɗan hayata ne a Legas nake zargin yana shan abin a ɗaki. Ɗakin ya lalace ke nan?

Alhaji, sha daban, dafawa daban. A Niyuzilan an yi ta korar masu haya daga gidajen gwamnati saboda ɗan ragowar da gwaji ya nuna. A 2018 mai ba firaminista shawara kan kimiyya, Peter Gluckman, ya fitar da rahoto cewa babu hujjar ragowar hayaƙin sha yana cutar da wanda ya shigo daga baya. Sai da hukumar gidajen ta ba da haƙuri. In sha ne kawai, a buɗe tagogi, a wanke ɗakin sosai.

Amma ka sa ido, don dafawar ta iso Najeriya tuntuni: hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta gano wurin farko a Legas a 2011, a 2016 kuma ta kama 'yan Meziko huɗu kan wani babba a Asaba. In ka ji wari mai hawa kai kamar na fitsarin kyanwa, ka ga tagogi a liƙe kullum, ga jarkoki jibge a bayan gida, ciyawar bakin kwata ta ƙone, kada ka shiga dubawa da kanka. Ka fitar da iyalinka, ka sanar da NDLEA.