Nawa za mu yanka kuɗin wata, kuma hannun wa za su shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon marayu nan Jega, jihar Kebbi, cikinmu akwai 'yan kasuwa da malaman makaranta da manoman shinkafa da albasa har da 'yan kabu-kabu. Kullum aka zo mitin sai gardama kan kuɗin wata, masu hali su ce dubu biyar wasu su ce ɗari biyar ma da ƙyar, kuma yanzu a OPay ɗin ma'aji ake turawa har an fara ƙunƙuni. Mi za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam sakatare, Allah ya ba da lada. Ni fa ina bayan 'yan ɗari biyar ɗin nan. In kuka sa dubu biyar wata na farko kowa zai biya don kunya, kafin a je ko'ina ɗan kabu-kabu ya fara ƙin zuwa mitin saboda bashi ya taru mai, shi kenan kun rasa kuɗin kun rasa mutumin. Kuɗin wata a yanka shi daidai aljihun mafi ƙaramin ƙarfi a cikinku, alhazan da ke son ba da dubu biyar a buɗe masu shafin gudummawa daban, amma ƙuri'arsu ɗaya ce da ta kowa, ku rubuta wannan a tsarin mulkin ƙungiya tun yanzu kafin wani ya fara jin shi ya saye ku.

Kuma kar ku yanka da ka. Ku lissafa abin da dole sai an kashe a shekara, littattafan rasit, kati, hayar kujeru, cajin banki, sai ku raba da yawan waɗanda suke biya da gaske ba yawan sunayen da ke rajista ba. Kuɗin shiga sau ɗaya ne, shi ma daban.

Manomanku kuma, ai manomi ba ɗan albashi ba ne, kar ku ɗaure shi da ƙarshen wata. Ku bari ya biya na shekara gaba ɗaya in ya yanke shinkafa ko ya cire albasa, in ma buhu ya kawo a karɓa, mutum biyu su kai kasuwa a rubuta abin da aka sayar.

Maganar OPay ɗin ma'aji ita ta fi damuna, ba don ana zarginsa ba, ko waliyyi ne kuɗin cefanensa da na marayu sun cakuɗe wuri ɗaya, kuma in ta Allah ta kasance gare shi ya za ku yi da magada? Ku buɗe akawun da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. Banki zai nemi satifiket na CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, wato rajistar amintattu ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020, wadda sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan lambar haraji ta TIN da takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Yana ɗan cin lokaci da kuɗi, kafin nan ku buɗe akawun haɗaka da sunan shugaba da ma'aji da kai.

Tiransifa tana da kyau amma kar ku hana tsabar kuɗi, akwai tsofaffi akwai matsalar netwok, kar kuma ku ce tsaba kawai, kun tuna yadda aka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Wanda ya tura ta wurin mai POS ya sani sunan mai POS ne zai fito a alat ba nashi ba, don haka ya ɗauki hoton rasit ɗin ya jefa a gurup na WhatsApp tun tawadar ba ta goge ba. Mai tsaba kuma a gaban mitin zai biya a yanka mai rasit nan take, ban da miƙa wa ma'aji a bakin masallaci.

Wanda bashi ya taru wa, kar a karanto sunansa cikin jama'a, dattijo ɗaya ya same shi gida a ji me ke faruwa.